Taragon da Ya Ƙi Tashi

A tsakiyar Saint Paul, babban birnin jihar Minnesota ta Amurka, a kusurwar da titin West Seventh ya haɗu da titin Saint Peter, akwai wani tarago mai launin rawaya da ja da ke tsugune a gindin dogayen benaye. Tsawonsa ƙafa 50, faɗinsa ƙafa 10, wato kimanin mita 15 a tsaye da mita 3 a kwance. Tagogi 10 ne jere a gabansa irin na jirgin ƙasa, a bisansa kuma fitilar neyon ce ɗauke da sunansa, Mickey's Dining Car. Wanda ya hango shi daga nesa zai rantse wani jirgi ne ya kwance shi a nan ya wuce, da niyyar dawowa ɗaukarsa. Tun 1939 yake wurin. Gidan abinci ne mai ɗaukar mutum 36, kuma Amurkawa na kiran irinsa da wata kalma da ke faɗowa a kunnen Bahaushe kamar "daina", alhali kuwa dainawa ita ce abin da aka daɗe ba a san shi da shi ba: shekara tamanin da ƴan kai ya yi yana sayar da abinci dare da rana, kusan ba tare da yankewa ba.

Mutumin da za a ba da labarinsa a nan ya fara shiga taragon ne a ƙarshen shekarun 1980, cikin wani daren Janairu. Baƙo ne a birnin, daga ƙasar da ba a san dusar ƙanƙara ba, kuma ya sami aikin gadin dare a ɗaya daga cikin benayen ofisoshi na kusa. A Minnesota sanyin Janairu kan sauka ƙasa da sifiri da digiri 20 ko fiye, irin sanyin da ke daskarar da gashin hanci tun kafin mutum ya tsallaka titi. An sallame shi daga aiki ƙarfe uku na dare, motar bas ta farko kuwa sai asuba. Ya zaga tsakiyar gari bai tarar da ƙofa ko ɗaya a buɗe ba, sai wannan. Ya tsaya a waje yana lissafin abin da ke aljihunsa, yana kuma jin nauyin shiga inda bai san kowa ba, har yatsunsa suka daina jin kansu. Da ya shiga, matar da ke bayan kanta ba ta tambaye shi daga ina yake ba. Ta tura masa kofin gahawa, ta kira shi da kalmar da take kiran kowa da ita, wadda ma'anarta zuma, ta ce ya zaɓi abin da zai ci. Ya nuna ƙwai da dankali, ya ce ban da naman alade. Ba ta sake bukatar a maimaita mata ba har ta bar aikin.

Cikin taragon ƙunci ne tsantsa, amma ƙuncin da aka auna da basira. Doguwar kanta ce ta raba shi biyu. A gabanta kujeru ne masu ƙafa ɗaya, zagayayyu, an kafe su a daɓe; a bayanta faffadan kaskon ƙarfe ne na suya, da tukunyar gahawa, da bangon ƙarfe mai ƙyalli. Ƴan tebura ne a ƙurya ɗaya. Mai dafa abinci na iya fasa ƙwai, ya juya fanke, ya miƙa faranti, duk ba tare da ya yi taku uku ba, kuma mai ci na kallon hannunsa tun daga farko har ƙarshe. Kujerun ba sa matsawa, saboda haka ba wanda ke zaɓar maƙwabcinsa. A darare daban-daban maigadin ya zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan sanda, da direban tasi, da ma'aikaciyar jinya da ta tashi daga aiki, da masu kwat da suka fito daga gidan wasan kwaikwayo, da wanda ba shi da wurin kwana yana jan kofi ɗaya domin ɗumi. Ba a cika hira ba. Sai dai a miƙa wa juna gishiri, a yi tsokaci kan sanyi, kowa ya koma ga farantinsa. A garin da manya ke yawo ta cikin rufaffun gadoji da ke haɗa bene da bene a hawa na biyu, ba sa ko taka titi, wannan cuɗanya ba ƙaramin abu ba ce.

Shekaru da dama ya yi yana ɗaukar cewa taragon ya taɓa yin tafiya. Yakan zauna kusa da taga ya ƙiyasta garuruwan da ya ratsa da irin fasinjojin da suka ci abinci a cikinsa, har yana jin wata ƴan'uwantaka tsakaninsu, shi da taragon, biyu da suka yi doguwar tafiya suka yada zango a kusurwa ɗaya. Wani tsoho da ya yi aiki a hukumar jiragen ƙasa ne ya rushe masa wannan tunani wata asuba. Ya ƙwanƙwasa daɓen da sandarsa ya ce, "Yaro, wannan bai taɓa jan fasinja ko ɗaya ba. Sau ɗaya ya hau dogo, shi ma a matsayin kaya." Maigadin ya ji kamar an yaudare shi, ya yi kusan mako bai leƙa ba. Yunwa da sanyi ne suka mayar da shi, daga nan kuma ya soma tambaya da karance-karance a ɗakin karatu na birni, ya gano cewa tsohon ya faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ta fi ƙagen daɗi.

Asalin irin waɗannan gidajen abinci keken doki ne. A 1872 wani mai suna Walter Scott, a birnin Providence na jihar Rhode Island, ya lura cewa ma'aikatan gidan jarida da ke kwana kan aiki ba su da inda za su ci abinci, domin masu sayarwa sun rufe tun farkon dare. Sai ya yanke tagogi a jikin wani keken doki, ya riƙa tsayawa a bakin ofishin jarida yana sayar da burodi da nama, da dafaffen ƙwai, da gahawa. Masu saye a tsaye suke ci, a waje. A 1887 Samuel Jones na birnin Worcester ya ƙera keken da mutum zai iya shiga ciki ya fake wa iska. Sana'ar ta bunƙasa har kekunan suka fara tare hanya, hukumomin garuruwa suka kafa dokar kau da su daga titi da safe. Masu su suka ga ba riba a tashi daga inda aka saba samunsu, sai suka nemi ƴan filaye a gefen hanya suka ajiye su dindindin, suka jawo ruwa da lantarki. Tun daga tushe, ke nan, abincin masu aikin dare ne. Kamfanoni suka shiga ƙera su a masana'anta, da kanta da kujeru da kasko da komai, a sayar bisa biyan kaɗan-kaɗan, a kai wa mai saye har inda yake. Siririn jikinsu ma daga nan ya samo asali, domin dole ya iya hawa taragon kaya ko bin titi. Kamfanin Worcester Lunch Car ya ƙera 651 daga 1906 zuwa 1957, na Jerry O'Mahony a jihar New Jersey kuwa ya ƙera kimanin 2,000.

Kamannin jirgin ƙasa ado ne da aka ara daga baya. Tun 1868, da George Pullman ya fito da taragon cin abinci mai suna Delmonico, cin abinci cikin jirgi ya zama alamar wadata: farin ƙyalle a kan tebur, ma'aikata cikin fararen kaya, gonaki na wucewa ta taga. Talaka na ganin wannan daga bakin dogo. A shekarun 1920 maƙeran kekunan abinci suka ari sunan, suka ari siffar, har ma'aikacin masana'anta ya iya sayen ɗan ƙamshin wannan daula da kuɗin kofin gahawa. A Saint Paul aron ya zo a kan gaɓa. Garin na dogo ne, mazaunin James J. Hill da ya shimfiɗa layin Great Northern har gaɓar tekun Pasifik, kuma a 1935 jirage uku masu gudun tsiya suka fara tsere tsakaninsa da Chicago: Hiawatha, da Twin Cities Zephyr, da wanda ake kira 400, wai don yana cin mil 400 cikin minti 400. A 1937 abokai biyu, Mickey Crimmons da Bert Mattson, suka je taron ƙungiyar masu gidajen abinci ta ƙasa a Chicago, suka ga samfurin kamfanin O'Mahony, suka ba da odar nasu. An ƙera shi a garin Elizabeth na New Jersey, aka ɗora shi kan buɗaɗɗen taragon kaya zuwa Minnesota. Wannan ita ce tafiyar guda ɗaya da tsohon ya ambata.

Abin da ya fi ba maigadin mamaki shi ne yadda kwaikwayo ya binne na ainihi. Motoci da jiragen sama suka kwashe fasinjoji, kamfanonin dogo suka yi ta rage taragun cin abinci saboda asara. A ƙarshen Afrilun 1971 jirgin fasinja na ƙarshe ya bar babbar tashar Union Depot ta Saint Paul, kuma sai a 2014 wani ya sake tsayawa a cikinta. Duk tsawon waɗannan shekaru 43 da tashar ba ta ga fasinjan dogo ba, taragon da bai san dogo ba yana can yana soya ƙwai.

Shi ma ba a kwance ya tsira ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu biranen Amurka sun shiga wata zazzafar hidima ta rusau da sunan sabuntawa. Dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta tsaga birane gida-gida. A Saint Paul ɗin kanta hanyar I-94 ta bi ta tsakiyar unguwar Rondo, cibiyar baƙaƙen fata ta birnin, ta tarwatsa ɗaruruwan iyalai. Masu hali suka koma bayan gari, gidajen abincin gaggawa irin su McDonald's suka bi su can. Ƙaramin tarago a kan fili mai tsada a tsakiyar birni, a idon mai lissafi, ɓarnar ƙasa ce. Rushe tashar Pennsylvania ta New York da aka fara a 1963 ne ya farkar da jama'a, har aka kafa dokar adana wuraren tarihi ta 1966, wadda ta haifar da Rajistar Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Da farko hankali ya fi karkata ga gine-ginen alfarma, irin tsohon ginin kotunan tarayya da ke ƴan taku kaɗan daga taragon, wanda aka ceto daga rusau aka sake buɗewa a 1978 da sunan Landmark Center. A wannan shekarar ce kuma aka fara sa irin waɗannan gidajen abinci a rajistar, da Modern Diner na garin Pawtucket. Mickey's ya shiga a 1983, tun bai cika shekara 50 da aka saba nema ba. Yarda da cewa wurin da direban tasi ke karya kumallo tarihi ne, daidai da zauren da alƙali ya zauna, ci gaba ne na gaske a tunanin masu adana tarihi, kuma sun cancanci yabo a kansa.

Sai dai mutane da yawa na ba rajistar ƙarfin da ba ta da shi. Shiga cikinta girmamawa ce, tana kuma buɗe ƙofar rangwamen haraji ga mai gyara, tana tilasta wa gwamnatin tarayya yin nazari kafin aikinta ya taɓa wurin. Amma ba ta hana mai dukiya rushe kayansa da kuɗinsa in ya ga dama. Abin da ya riƙe taragon shi ne iyalin Mattson da suka gāji sana'ar suka ƙi sayar da kusurwar, da kuma hannayen da ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Maigadin ya ga wannan da idonsa, domin a lokacin da yake zuwa ne ake yin aikin da masu zuwa da rana ba sa gani. Fatar taragon ƙarfe ce da aka dalaye da ruwan tangaran aka gasa, irin fatar kwanukan langa da samira. Ba ta kodewa, ba ta neman fenti, amma da zarar ta ɓantare tsatsa ta sami hanya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ga kuma gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara yana taimaka mata. Kamfanin da ya ƙera ta ya rufe tun shekarun 1950, babu shagon da za a je a sayo madadin komai. Ya sha ganin ana kankare kasko tsakanin mai ci da mai ci, ana goge bangon ƙarfe, ana ɗaure kujerar da ta fara rawa, alhali gahawa na tafasa, domin babu wata sa'a da wurin ke rufe balle a ce sai an tashi.

Masu shirya fina-finai ma sun gano shi. Ya fito a The Mighty Ducks na 1992, da Jingle All the Way na 1996, da A Prairie Home Companion na 2006. Daga nan baƙi suka riƙa zuwa ɗaukar hoto. Maigadin bai taɓa jin haushinsu ba. Da rana suke zuwa, kuma kuɗinsu na biyan wutar da yake ɗumi da ita da dare.

Ya yi ritaya ƴan watanni kafin annobar korona, amma jikinsa ya ƙi koyon barcin dare, don haka bai fasa zuwa ba. A tsakiyar Maris ɗin 2020 gwamnan jihar, Tim Walz, ya ba da umarnin dakatar da cin abinci a cikin gidajen abinci. Ƙuncin nan da ya zama albarkar taragon shi ne ya koma masa sarƙa, domin a faɗin ƙafa 10 babu yadda za a ba da tazarar da likitoci ke nema. Aka rufe. Ya je wata asuba duk da ya sani, ya tsaya a inda ya tsaya shekara talatin da suka wuce, ya leƙa ta taga. Kujerun na nan a jere, kaskon a bushe. Bai taɓa ganin launin kantar ba tare da farantai a kai ba sai ranar. Da masu wurin suka nemi agaji ta intanet, jama'a suka tara dubun-dubatar daloli cikin ƙanƙanin lokaci, shi ma ya sa ɗansa ya aika da ɗan abin da ya sawwaƙa. Amma annoba ta lafa, sauran gidajen abinci suka buɗe, taragon bai buɗe ba. Shekara ɗaya, biyu, uku. Takardar rajista na nan daram, ba wanda ya taɓa ƙusa ɗaya a jikinsa, kuma a ma'aunin doka an adana shi sarai. Shi kuwa maigadin, in ya bi ta kusurwar, sai ya kau da kai kamar mai wuce gidan da aka yi rasuwa.

Cikin waɗannan shekaru ɗansa, da ke aiki a jihar Michigan, ya kai shi gidan tarihi na Henry Ford a garin Dearborn, don ya faranta masa. A can akwai Lamy's Diner, ƙirar Worcester ta 1946, wanda wani tsohon soja mai suna Clovis Lamy ya buɗe a Marlborough ta jihar Massachusetts bayan ya dawo daga yaƙi. Gidan tarihin ya saye shi a 1984 ya mayar da shi yadda yake ranar da ya fito daga masana'anta. Aikin ya yi kyau ƙwarai, babu tsatsa, babu tabo, har abinci ake sayarwa a ciki. Ɗan ya ce, "Baba, ka ga wannan ba abin da zai same shi har abada." Uban ya yarda, kuma ya san ba don gidan tarihin ba da tuni an sayar da shi a kilo. Ya zauna, ya sha abin da aka kawo masa, ya shafa kantar. Sannan ya tambayi yaron da ke hidima ƙarfe nawa suke tashi. Yaron ya ce, "Da yamma, yallaɓai, in an rufe gidan tarihin." Taragon na ƙarƙashin wani babban rufi, babu iska, babu titi, kuma sai da tikiti ake isa gare shi. Ya tuna da ma'aikatan jaridar Providence, ya tuna da kansa a daren Janairu da ƴan sulalla a aljihu, bai dai ce wa ɗansa komai ba, don kada ya ɓata masa tafiyar.

A watan Oktoban 2024, bayan shekara huɗu da rabi, Mickey's ya sake buɗewa. Ɗan ne ya gani a waya ya kira shi daga Michigan. Bai je a kwanakin farko ba, saboda layi da masu kyamara. Da ya je, ya tarar ba a koma kwana buɗe ba tukuna, don haka da hantsi ya shiga, abin da bai taɓa yi ba. Hasken rana ya nuna masa abubuwan da fitilar dare ta ɓoye masa shekaru: zaizayar kanta a daidai inda gwiwar hannu ke sauka, da inda tangaran ya ɗan dushe. Bai san ko ɗaya daga cikin ma'aikatan ba. Kujerar da ya saba zama a kai wata mata ce da jikanta, sai ya zauna a ta kusa. Wani saurayi ya ajiye masa kofi ya tambaye shi abin da zai ci. Ya ce ƙwai da dankali, ban da naman alade, ya kuma ƙara da cewa a bar dankalin ya ɗan ƙone a gefe. Saurayin ya rubuta. Jikan matar ya juyo ya tambaye shi ko wannan jirgin na tafiya da gaske. Ya dubi yaron, ya dubi tagogin, ya ce sau ɗaya ya taɓa tafiya, daga New Jersey, sannan ya roƙe shi ya miƙo masa gishiri.